Yadda Ake Tsara Aiki Daga Gida Ba Tare Da An Ƙwari Kowa Ba

Ofis yana yi wa mutum hidimar da ba ya lura da ita sai ranar da ya bar shi. Akwai wuta, ko ta NEPA ko ta janareto. Akwai intanet da wani ya biya kuɗinsa. Akwai maigadi a bakin ƙofa, akwai durowa mai mukulli, akwai lokacin tashi da kowa ya sani. Ranar da aka ce wa ma'aikaci ya koma gida ya ci gaba da aiki, babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai bi shi. Amma dole wani ya ɗauki nauyinsu, kuma in ba a zauna an raba ba, sai su faɗa kan wanda bai shirya ba. Ma'aikaci yakan kwana ciki ta fuskar aljihu da lafiya, mai kamfani kuma ta fuskar sirri da amanar abokan cinikinsa.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. A watan Maris na 2020, da korona ta shigo, gwamnatin tarayya ta ce ma'aikatanta daga mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna gida. Kaduna ta koma aikin kwana huɗu a mako daga 1 ga Disamba 2021, aka bar Juma'a a yi ta daga gida. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, Kwara da Edo suka rage ranakun zuwa ofis zuwa uku saboda tsadar kuɗin mota. Ga kuma matasa a Kano da Jos da Yamai masu yi wa kamfanonin Legas ko na Turai aiki daga ɗakunansu. Matakan da ke tafe na ma'aikaci da mai kamfani ne duka, domin matsalar ɗaya ba ta daɗewa kafin ta zama ta ɗayan.

Mataki na farko: a duba aikin, a duba mai yin sa

Kai mai kamfani, ɗauki takarda ka rubuta ayyukan da ake yi a wurinka, ka kasa su uku. Akwai waɗanda ake iya yi a ko'ina, kamar fassara, lissafin kuɗi, zane a kwamfuta da amsa wa abokan ciniki ta waya. Akwai waɗanda sai an riƙa haɗuwa jefi-jefi. Akwai kuma waɗanda ba sa yiwuwa sai a wurin, kamar tsaron sito, tuƙi da zaman kanta. 'Yan kashi na ukun nan kada ka manta da su. Direban da ke biyan kuɗin Keke Napep kullum yana kallon akawu yana aiki daga falonsa zai riƙe abin a zuci, ko bai furta ba. Ka samar musu wani sauƙin, ko alawus na mota, ko damar musayar ranakun aiki tsakaninsu.

Sabon ɗauka da ɗan bautar ƙasa ba na goyon bayan a tura su gida tun farko. Rabin aiki a kunne ake koyon sa: yadda na gaba da kai ke lallashin kwastoman da ya fusata, wa ake tambaya in takarda ta maƙale. Wata uku zuwa shida a ofis tukuna.

Kai kuma ma'aikaci, kafin ka yi murnar an hutar da kai cunkoson hanya, tambayi kanka abu uku. A ina zan zauna in rufe ƙofa? Awa nawa unguwarmu ke samun wuta? Wane layi ne ke da sabis a cikin ɗakin, ba a bakin titi ba?

Mataki na biyu: a rubuta, a sa hannu

Mun saba da “ai mun yi magana da oga”. Maganar baki tana tafiya daidai muddin ana ganin juna, amma da zarar an yi nisa kowa sai ya tuna abin da ya yi masa daɗi. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. Sai dai dokar tsohuwa ce, ba a yi ta da tunanin aiki daga gida ba, kuma ma'anar ma'aikaci a cikinta ba ta haɗa da manajoji da ƙwararru ba. Saboda haka in rigima ta kai gaban Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, takardar da kuka sa wa hannu ita ce madogara.

Shafi ɗaya ko biyu ya isa. A faɗi adireshin da za a yi aikin, da ko an yarda mutum ya tafi ƙauye ko wata jiha da kwamfutar kamfani. A faɗi ranakun zuwa ofis da sa'o'in da dole a same shi. A lissafa kayan da aka ba shi da lambobinsu, a kuma fayyace wanda zai biya in sun lalace, in an sace, ko in wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona su. A rubuta kwana nawa za a ba shi sanarwa kafin a ce ya dawo ofis gaba ɗaya. Wannan na ƙarshen yana da nauyi: wanda ya saki hayarsa a Abuja ya kwashe iyali zuwa Zariya bisa alƙawarin baki, ranar da aka ce “kowa ya dawo Litinin” ya shiga uku.

Komawa gida ba ta soke haƙƙin kowa. Fansho yana nan yadda dokar 2014 ta tsara wa kamfanonin da ke da ma'aikata 15 ko fiye, kashi 10 daga kamfani, kashi 8 daga ma'aikaci. Kashi 1 na jimillar albashi da ake biya wa NSITF, asusun da ke biyan diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki, ƙarƙashin dokar diyya ta 2010 shi ma yana nan, kuma shi ya sa rubuta adireshi da sa'o'in aiki ke da amfani, domin in wuta ta ja mutum yana haɗa inbata, tambayar farko ita ce ko a bakin aiki yake. Harajin albashi kuwa jihar da ma'aikaci ke zaune ake biya wa. Kamfanin da ke Legas da ma'aikacinsa a Kano, hukumar harajin Kano zai tura wa. A kula kuma da dabarar da wasu ke yi ta cewa tunda ka koma gida ka zama ɗan kwangila. In har su ke yanka maka lokaci, su ke ba ka umarni, su kaɗai kake yi wa aiki, kada ka yarda a sauya maka matsayi da baki, domin fansho da hutu da diyya duk can za su zube.

Mataki na uku: wuta da data

A nan ne shawarwarin da ake kwafowa daga Turai suke gazawa, don su ba su san “an ɗauke” ba.

Fara da lissafi, kada ka fara da kasuwa. Cajar kwamfutar tafi-da-gidanka ta aikin ofis tana jan wat 45 zuwa 65. Na'urar Wi-Fi tana jan kamar wat 10. Fanka ta tsaye kamar wat 50, kuma wanda ya san zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ba zai ce fanka ado ce ba, kwamfutar ma kanta in ta yi zafi nauyi take yi. In ka tara su ka ninka da awa takwas, kana buƙatar abin da ya kai kusan wat 1,000 na awa a yini. Batir mai volt 12 da 100Ah yana ɗauke da wat 1,200 na awa a takarda, amma irin na ruwa ba a son a zuƙe fiye da rabinsa in ana so ya yi ƙarko. Ke nan guda ɗaya ba zai kai ka la'asar ba, sai 200Ah, ko na litiyam wanda ake iya sha sosai amma ya fi tsada. Da wannan lissafin a hannu za ka je wa mai sola, ba shi zai faɗa maka abin da kake buƙata ba. A sa abin kare kaya daga hauhawar wuta tsakanin soket da kwamfuta. In janareto ne, a waje yake zama, nesa da taga. Hayaƙinsa yana da iskar da ba ta da wari, kuma ta sha kashe mutanen gida guda suna barci.

Sai data. Taron bidiyo na awa ɗaya yana iya cinye rabin giga zuwa sama da giga guda, na murya kuwa ɗan kaɗan ne. Manajan da ke kiran taron bidiyo sau uku a yini yana cewa kowa ya kunna kyamara, aljihun yaransa yake ci bai sani ba. A ajiye layi biyu na kamfanoni daban-daban, misali MTN da Airtel, a gwada kowanne a cikin ɗakin da safe da kuma bayan magariba lokacin da jama'a suka yi wa sabis yawa.

Wa zai biya? Ra'ayina a fili yake: kamfanin da ya rage kuɗin dizal da haya saboda mutane sun koma gida, shi ya kamata ya ɗauki kuɗin kayan aiki da data, ya kuma sa hannu a kuɗin wuta. Amma kada a rubuta alawus ɗin da naira tsagwaronta. A rubuta shi da giga kaza da lita kaza a wata, ko a sa sharaɗin sake duba shi duk wata shida. Dalili kuwa mun gani da idonmu: kuɗin fetur ya ninka wajen sau uku a 2023, kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, ya tashi zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, sannan a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50. Wanda aka yanka wa dubu goma a 2022 aka bar shi a kanta, yau daga albashinsa yake ciko.

Bayan haka a yi shirin babbar ɗaukewa, wadda ta fi ƙarfin batir da layi biyu. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, har bankuna suka kasa aiki yadda ya kamata. A Oktoban shekarar, yawancin jihohin Arewa suka yi sama da mako guda a duhu bayan matsalar manyan layukan wuta. A Satumban 2021 an katse layukan waya baki ɗaya a Zamfara saboda tsaro, daga baya abin ya shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Irin wannan ba laifin ma'aikaci ba ne, kuma bai kamata a yanke masa albashi ba. Abin da ke kansa shi ne sanarwa: in intanet ya tafi, ya tura saƙon tes ko ya kira cikin rabin awa. Kowane mutum ya kasance da aikin da zai iya yi ba tare da intanet ba a ajiye a kwamfutarsa, kuma a san tun farko inda zai koma in abin ya wuce kwana biyu, ko ofis, ko wurin hayar tebur mafi kusa.

Mataki na huɗu: sirri, da 'yan damfara

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar aikin gida ba ta da alaƙa da manyan masu kutse. Ƙananan abubuwa ne. Yaro ya ɗauki kwamfutar aiki zai kalli katun. Ƙane ya soka filashin da ya kai wa masu tura finafinai. An bar wayar da ke ɗauke da imel ɗin ofis a wurin mai caji tun safe ba kulle. An kai takardar albashin ma'aikata shagon buga takardu, an buga, an tafi an bar kwafin a kwamfutarsu. Kwamfuta ta samu matsala, an miƙa wa mai gyara haɗe da kalmar sirri.

Maganinsu ma ƙanana ne, amma sai an mayar da su ɗabi'a. Kwamfutar aiki ta aiki ce kaɗai. A kulle fuskarta duk sanda aka tashi, ko da alwala za a yi. A Windows danna maɓallin Windows tare da L ya wadatar. A kunna BitLocker, ko FileVault in Mac ce, wato tsarin da ke kulle bayanan cikin kwamfuta, domin in an sace ta ɓarawo ya samu ƙarfe kawai. Kowane asusu da kalmar sirrinsa, a kuma kunna tantancewa ta biyu, wato ƙarin lambar sirri kafin a shiga, a imel da WhatsApp. Kada a sa manhajar sata. Gyara kuwa kamfani ya faɗi inda za a kai. Takardun aiki su zauna a ma'ajiyar kamfani, kamar Google Drive ko OneDrive na ofis, ba a wayar mutum ko imel ɗinsa na kansa ba.

Wannan ba tsirfa ba ce. Tun Yunin 2023 Najeriya ke da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar NDPC mai kula da ita. In bayanan mutane suka fita ta yadda za su iya cutuwa, kamfani na da awa 72 ya sanar da hukumar, kuma tarar manyan masu riƙe bayanai tana iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Awa 72 ba ta da yawa in ma'aikaci ya ɓoye satar waya na kwana biyu saboda tsoron faɗa. Don haka mai kamfani ya faɗa da bakinsa: wanda ya kawo rahoto nan take ba za a hukunta shi ba, wanda ya ɓoye shi ne mai laifi.

Babbar ɓarna ta fi zuwa ta hanyar kuɗi. A ofis, in saƙo ya zo cewa oga ya ce a tura miliyan biyar yanzu-yanzu, akawu zai leƙa ya tambaya. A gida babu wurin leƙawa, kuma tarbiyyarmu ta jin nauyin na gaba tana taimaka wa ɗan damfara: yaro ba ya son ya ce “Ranka ya daɗe, da gaske kai ne?” Kowa ya san masu kira su ce ana taron ƙungiya, ka karanto lamba shida da aka turo maka, daga nan sun ƙwace WhatsApp ɗinka sun fara roƙon kuɗi da sunanka. Abin ya ma wuce nan. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin injiniya na Arup a Hong Kong ya tura kusan dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da ya ga fuskar shugaban sashen kuɗi da wasu abokan aiki, ashe duk na bogi ne da aka haɗa da ƙirƙirarriyar basira. Ƙa'idar da za ta tsare ku guda ce, kuma oga ne zai kafa ta da kansa don cire wa yara kunya: duk umarnin tura kuɗi, da duk saƙon cewa an sauya lambar asusun wani ɗan kwangila, sai an kira mutumin a lambar da aka sani tun da, ba wadda ta zo a saƙon ba. In kuɗin ya wuce wani adadi, sai mutum biyu sun amince. Saƙon da ya haɗa gaggawa da “kada ka faɗa wa kowa”, a ɗauke shi na ƙarya har sai an tabbatar.

Mataki na biyar: a yi wa lokaci shinge

Mutane sun ɗauka hatsarin aikin gida shi ne lalaci. Akwai shi, amma wanda ya fi yawa shi ne aikin da ba ya ƙarewa. Tunda WhatsApp ɗin da ake gaisawa da dangi shi ne na ofis, saƙo yana shigowa ƙarfe goma sha ɗaya na dare, kuma alamar an karanta ta nuna. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da bincike a 2021 cewa aikin awa 55 ko fiye a mako yana ƙara hatsarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35, da mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17, in aka gwada da mai yin awa 35 zuwa 40. Faransa ta sa haƙƙin kashe waya bayan tashi a dokarta tun 2017, Fotugal ta hana shugabanni tuntuɓar ma'aikata bayan lokaci a 2021. Ku naku shingen a takardarku za ku gina shi.

Ku ware sa'o'in da kowa zai kasance a kusa, misali goma na safe zuwa uku na rana ban da lokacin azahar, sauran kuma mutum ya tsara yadda ya dace da gidansa da wutar unguwarsu. A amince cewa saƙon rubutu yana iya jiran awa biyu ko uku, abin gaggawa kuwa kira ake yi. A fitar da lokacin Juma'a, a sake tsari in azumi ya zo. Manajan da tunani ke zo masa da tsakar dare ya rubuta ya saita saƙon ya tafi da safe, Gmail da Outlook duk suna yin haka. Ma'aikaci kuma in da hali ya raba layin aiki da na gida.

Jiki ma yana da nasa haƙƙin. Aiki a kan katifa da kwamfuta a cinya daɗinsa na mako biyu ne, daga nan sai wuya da ƙugu su fara magana. Tebur da kujera mai jingina, saman fuskar kwamfuta daidai ido ko da littattafai za a tara a ƙarƙashinta. Duk minti 20 a ɗaga ido a kalli abu mai nisa. A fita sallar jam'i ko a zaga unguwa, don mutum yana iya wuni bai taka ƙofar gida ba.

Mataki na shida: mutanen gida

“Ai kana gida.” Da wannan kalmar ake aiken mutum kasuwa, a ce ya kai Hajiya asibiti, ya wakilci gida a ɗaurin aure, ya tsaya wa mai gyaran famfo. A wurinmu wanda ba ya fita da safe ba a cika ɗaukar sa mai aiki ba, kuma baƙo ba ya yin waya kafin ya yi sallama. Ba za ka gyara wannan da faɗa ba. Ka zauna da manyan gida tun kafin ka fara, cikin ladabi, ka nuna musu cewa daga ƙarfe kaza zuwa kaza kamar ba ka nan, kuma albashin da ake cefane da shi daga wannan zaman yake fitowa. Ka yi wanka ka sa kaya kamar mai fita. In akwai shago ko ɗakin zaure, can ya fi. Ka kuma ware lokacin da za a same ka, domin wanda ya san bayan la'asar kana nan zai fi haƙurin jira.

Ga mace abin ya ninka. Ke da kike aiki daga gida, girki da raino da baƙi ba su san kina taro ba, kuma sau da yawa mai aikin da ake da ita ma sallamar ta ake yi tunda “ai kina gida”. Ki yi wannan maganar da maigida a fili tun farko: awa nawa ne na aiki, wa zai riƙe yara a lokacin. Aiki daga gida ya buɗe wa mata da yawa ƙofar da da a rufe take, amma in ba a raba hidimar gida ba, aiki biyu ne a lokaci guda da albashi ɗaya.

Mataki na bakwai: a auna abin da aka yi

Shugaban da ya saba auna aiki da ganin mutum a kujera, in ya daina gani sai zargi ya shiga. Daga nan sai a sayo manhajar da ke ƙirga motsin linzamin kwamfuta (mouse) tana ɗaukar hoton fuskar kwamfuta. Abin da take haifarwa shi ne wayo. Har na'urar jujjuya linzami ake sayarwa, kuma a 2024 bankin Wells Fargo na Amurka ya kori ma'aikata fiye da goma kan nuna kamar suna aiki alhali ba sa yi. Wanda zai sa irin wannan manhaja dole ya sanar da ma'aikata a rubuce abin da take gani, kuma kada ta taɓa wayar mutum ta kansa.

Hanya mafi sauƙi ita ce ran Litinin kowa ya rubuta abu uku ko huɗu da zai kammala a makon, ran Alhamis ko Juma'a a duba. Wannan ma ita ke tona mai aiki biyu a ɓoye da mai miƙa aikinsa ga wani ya yi masa, fiye da kowace manhaja. Duk shawarar da aka yanke a waya ko a barandar ofis a rubuta ta inda kowa zai gani.

Akwai hatsarin da ma'aikaci ba ya gani sai an yi nisa. Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da abokansa sun yi gwaji na wata tara a kamfanin Ctrip na Sin. Waɗanda suka koma gida aikinsu ya ƙaru da kashi 13, amma ƙarin girmansu ya ragu, kuma da aka ba su zaɓi kusan rabinsu suka koma ofis, galibi saboda kaɗaici. Wani gwajin da ya biyo baya a kamfanin, wanda aka wallafa a 2024, ya nuna cewa kwana biyu a gida uku a ofis ya rage masu ajiye aiki da kashi ɗaya cikin uku ba tare da aiki ya ja baya ba. Darasin ga mai kamfani shi ne, lokacin ƙarin girma ya ajiye sunayen na gida da na ofis gefe da gefe ya duba ko ido ne ya yi zaɓin. Kai ma'aikaci kuma ka riƙe kundin abin da ka kammala da kwanan wata, ka nemi ganawa da shugabanka ko sau biyu a wata, ka riƙa leƙa ofis ko ba a kira ka ba.

Mataki na takwas: in kamfanin na ƙetare ne

Dala tana da daɗin ji, amma wanda ke London ko New York in ya ƙi biyan ka, ba ka da kotun da za ka kai shi cikin sauƙi. Ka karɓi wani kaso kafin ka fara, ka raba aikin kashi-kashi kowanne da biyansa, ko ka bi ta dandali irin Upwork da ke riƙe kuɗin a tsakiya. A rubuta da wane kuɗi za a biya, ta wace hanya, da wanda zai ɗauki cajin turawa. Babu mai tara maka fansho ko inshorar lafiya, kai za ka cire da hannunka duk wata. Sabbin dokokin haraji da suka fara aiki a Janairun 2026 sun shafi kuɗin da mazaunin Najeriya ya samu daga waje, don haka ka ajiye rasit da bayanan banki. Ka lissafa bambancin lokaci kafin ka ce to: New York tana bayanmu da awa biyar ko shida gwargwadon lokacin shekara, wato biyar na yammarsu goma ko sha ɗayan darenka ne, kullum.

Duk aikin da aka ce sai ka biya kuɗin rajista, kuɗin horo ko kuɗin kayan aiki kafin a ɗauke ka, ka bar shi. Haka masu turo saƙo a WhatsApp ko Telegram cewa za a biya ka don danna wa bidiyo alamar so: sukan biya 'yan kuɗi kaɗan da farko, sannan su ce ka zuba naka don a buɗe maka babban aiki. Mafi muni shi ne wanda za a ce kuɗi zai shigo asusunka ka tura gaba ka cire kasonka. Kuɗin sata ne ake wankewa, kuma sunanka da BVN ɗinka ne EFCC za ta gani.

Mataki na tara: gwaji, da ranar rabuwa

Kada a fara da kowa da kowa. A ɗauki sashe ɗaya a gwada wata uku, sannan a zauna da alƙaluma: kwana nawa aka rasa saboda wuta ko sabis, nawa ma'aikaci ya kashe daga aljihunsa, saƙo nawa aka tura bayan lokacin tashi, wane aiki ne ya makara. A tambayi ma'aikata ɗaya-ɗaya, don a gaban oga kowa “lafiya lau” zai ce. Abin da ya fito a gyara takardar da shi.

A cikin takardar kuma a rubuta yadda za a rabu. Ranar da mutum ya ajiye aiki ko aka sallame shi, a ranar za a rufe imel ɗinsa, a cire shi daga zaurukan WhatsApp na ofis, a sauya duk kalmar sirrin da ya sani, musamman ta shafukan kamfani na Facebook da Instagram, waɗanda sau da yawa da lambar wayar ma'aikaci aka buɗe su. A faɗi wanda zai biya kuɗin dawo da kwamfuta in yana wani gari, da kwanakin da za a biya shi ragowar haƙƙinsa bayan kayan sun iso.